Tumatir da Labarin Gada

Tunda ka dame ni da tambayar wa za ka gaskata, mai shafi a waya ko ɗan jaridar gidan rediyo, to gyara zama ka ji. Wani manomi ne ya yi tumatirin damina, ka kuwa san halin tumatir, ya fi jariri rashin haƙuri. Ya tsinke, ya cika kwanduna, ya shirya da mai mota za su kai kasuwar birni da sassafe, kuma gada ɗaya ce tak tsakaninsa da kasuwar. Sai aka kwana ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari na wayewa, wani saurayi mai shafi, wanda ko atishawa aka yi a garin sai ya wallafa, ya saki hoto: gada ta karye, ruwa ya tafi da motoci, don Allah a tura wa 'yan uwa. Hoton nan da za ka dube shi da kyau, bishiyoyin kwakwa ne jere a bayan gadar, a garin da ko giginya sai an yi tattaki ake gani. Amma wa ya tsaya dubawa? Manomi ya ce wa mai mota a dakata. Can da hantsi rediyo ya yi magana. Ɗan jaridar ya buga wa wani babba waya, babban na zaune a ofis fanka na kaɗa masa babbar riga, ya ce gada lafiyarta ƙalau, hukuma na sane da komai, jama'a su yi watsi da jita-jita. Shi kansa ɗan jaridar bai san ko gadar ta katako ce ko ta siminti ba, amma wallahi ya karanta da murya mai daɗi.

Nan fa manomi ya tare a teburin mai shayi, waya a hannu, rediyo a kunne. Majalisa ta rabu biyu. Masu waya suka ce rediyo ko gari na ci da wuta cewa zai yi hayaƙin girki ne. Masu rediyo suka ce ai yaron nan ya taɓa kashe limamin gari a shafinsa, mamacin ya fito ya ja sallar la'asar. Manomi ya ji wannan ya gyaɗa kai, ya ji wancan ya gyaɗa kai. Matarsa ta aiko cewa kwanduna sun fara tsiyayar da ruwa, ya ce a ƙyale shi, yana jiran labaran yamma ne ya tabbatar. Abin da ke ba ni haushi, gadar nan fa akuyarsa ma kullum a gindinta take kiwo, ta dawo gida kafin magariba! Sai washegari, da musu ya ƙare ba wanda ya ci, ya hau kekensa ya je. Ga gada tsaye. Ruwa ya zaftare mata gefe ɗaya, an soka reshen bishiyar maina a ramin don direbobi su kauce, motoci na lallaɓawa ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta ɗauki kayan maƙwabcinsa tana dawowa da kwanduna wayam. Ya juya gida da gudu, ƙudaje suka yi masa maraba tun daga zaure.

Mai shafi ya goge hotonsa ya ɗora na wani hatsarin, rediyo ya shiga gaishe-gaishen masu saurare, ba wanda ya zo taya shi kwasar ruɓaɓɓen tumatir zuwa juji. Ba a banza Hausawa suka ce gani ya kori ji ba.