Daraktocin da Ba Su Taɓa Riƙe Sanda Ba

Ƙwallo ta sake kucce wa mai bugu ta watsa turakun da ke bayansa. Abdulbaqi ya ja dogon tsaki. Ko kallon ɗan wasan ƙasarsu da aka fitar bai yi ba. Idonsa na can sama, a rumfar manyan baƙi, inda daraktocin hukumar kurket ta ƙasa suka baje cikin sanyin na'ura. Ɗayansu har ya fara tafi, sai da na kusa da shi ya riƙe masa hannu.

Ƙungiyar ƙasarsu ce ta zo Doha gasar neman gurbi, kuma tana shan kashi. Abdulbaqi ya jawo maƙwabcinsa na unguwar Bin Mahmud, Dokta Hafiz, likitan ƙashi wanda bai san komai a kurket ba. Suka zauna can ƙurya, nesa da 'yan ƙasarsu masu tutoci. Abdulbaqi ya ce hayaniya ce ba ya so. Ya ja hula har gira, ya ɗora baƙin tabarau.

"Ka ga mai tafin can, Dokta? Alhaji Baballe ke nan, mai binciken asusu. Iyakar gudun da ya taɓa yi, na kama jirgi ne."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da baki. Mai farin gemun tsohon kwamishinan 'yan sanda ne, Badaruddeen, mutumin da zai yi maka tambaya ɗaya sau goma yana kallon ƙwayar idonka, ya hana ka ko ruwan sha. Akwai tsohon alƙali, akwai wani malamin jami'a da ke gyangyaɗi. A tsakiya kuma shugabarsu, Barista Safiyyatu, ta kafe filin da ido kamar tana jiran shaida ya yi ƙarya. A cikinsu kaf babu wanda ƙwallo ta taɓa fasa wa yatsa. Babu wanda ya san yadda rana ke dafa mutum a tsakiyar fili. Waɗannan ne wai masu riƙe da wasan ƙasa guda.

Da jifa ya dawo hannun ƙungiyar ƙasarsu, mai jifanta ya saki wata ƙwallo da ta bauɗe nesa da turaku, 'yan kallo suka yi ihu. Abdulbaqi ya girgiza kai. Wannan rashin iyawa ne kawai, ba da gangan ba. Da gangan ba haka ake yi ba.

Dokta Hafiz ya yarda da duk abin da ya ji. Ya taɓa bin Abdulbaqi wata safiyar Juma'a zuwa Sanaiya, unguwar masana'antu, inda leburori 'yan Pakistan da Nepal ke mayar da filin ajiye motoci wurin wasa. Ya ga yadda mutumin nan mai furfura ya murza ƙwallo ta juya kamar mai jin magana, samari suna ta dukan iska. Da ya tambaye shi, cewa kawai ya yi ya taɓa wasa da can.

Ba kallo ne ya kawo Abdulbaqi ba. Shekara da shekaru yana tsaron sito a wani kamfanin kayan gyaran mota, sai ga kafil, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya kira shi ya ce khalas, aiki ya ƙare daga ƙarshen wata. Izinin zama zai tafi tare da aikin, ga 'ya'ya mata biyu a makaranta. Ya ji ƙungiyar ƙasa na neman kocin masu jifa. Ya kuma san Dokta ya duba gwiwar ɗaya daga cikin 'yan wasan a makon nan, an ba shi katin shiga rumfar manya. Abin da ke cinsa shi ne, sai ya tsaya gaban waɗannan jahilan ya roƙa.

Aka tashi wasa da kunya. Suka hau bene.

Abdulbaqi ya yi sallama, ya cire hula da tabarau. Alhaji Baballe ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Badaruddeen ya miƙe tsaye, amma bai miƙa hannu ba. Girman kai, in ji Abdulbaqi a ransa. Rashin sani da girman kai.

Dokta Hafiz bai lura da komai ba. Kayen da aka sha ya ba shi haushi, maganganun maƙwabcinsa kuma suna nan ɗumi a kunnensa.

"Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri da ni," ya ce wa shugabar. "Ku lauyoyi ne da 'yan sanda da masu lissafi. Ta yaya za a ce hukumar wasa babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinta? Ga gwani nan yana ruɓewa a sito."

Barista Safiyyatu ta dube shi ba tare da fushi ba.

"Likita, da can duk kujerun nan tsofaffin 'yan wasa ne a kansu. Sai aka sayar da wasan ƙarshe ga 'yan caca, suka rufa wa wanda ya sayar asiri saboda nasu ne. Shi ya sa aka kwashe su gaba ɗaya, aka kawo mu mu share ƙazantar. Ba mu iya kurket ba, gaskiya ne." Sai ta juya ga Abdulbaqi. "Kyaftin, ashe nan ka gudo bayan mun kore ka har abada?"