Ruwan Gidan Oddny

"Kaka, ko za mu samu ruwan sha? Tankinmu ya ƙafe."

Tsohuwa Oddny ta dubi matashin, ta dubi farar motarsa mai ɗakin kwana da ya tsayar a bakin gonarta. Tun jiya take kallonta. Duk bazara haka 'yan birnin Oslo ke cika musu kwari, su ɗauki hoton duwatsu, su bar musu ƙazanta. Ta kai ƙara ofishin gunduma har ta gaji, aka ce ƙasa ta kowa ce.

"Shigo, ɗan nan. Kira matarka."

Ta buɗe famfon kicin ta cika musu jarkoki, ta cika kofi biyu. Suka shanye, suka ƙara.

"Kin ji ruwa, Tuva?" in ji shi. "Ba irin namu mai warin magani ba. Kaka, ke ba ki sha?"

"Ni na kwalba nake saye tun bara."

Ya yi dariya. "Ga wannan a gida? Daga ina yake zuwa?"

"Daga ƙoramar da ke bayan inda kuka kwana. Inda na ga ka juye bokitin bayin motarku da safe."

Kofin ya suɓuce daga hannun Tuva.

"Wani irinka ya yi haka bara, mijina Torleif ya sha bai sani ba," in ji Oddny, tana ɗaure bakin jarka. "In kun bi ta gaban coci ku gaishe shi. Kabarinsa ne sabo."