Motar da Aka Ɗinka wa Riga

Ka ce ka adana abin sai ranar da buƙatarsa ta taso. To, zauna ka ji.

An yi wani tela a Haɗeja da ya gaji mota daga mahaifinsa, tsohuwa irin ta da, mai dogon hanci, wadda giyarta ke jikin sitiyari. A cikinta aka ɗauko mahaifiyarsa amarya daga ƙauyensu. Tsohon yana raye bai taɓa barin motar ta yi mako a tsaye ba, ko ba shi da wurin zuwa sai ya tashe ta ya zaga gari ya dawo. Shi kuwa ɗan gani yake wahalar da ita kawai ake yi. Da ta zama tasa sai ya ce ta huta. Ya kafa mata rumfa, ya ɗinka mata riga da hannunsa ya lulluɓe ta. Duk Juma'a sai ya yaye, ya wanke, ya goge har mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙofa, sannan ya mayar. Makulli kuwa yana can ƙasan akwati. Kuma fa tsakani da Allah yake son motar nan, sai dai fenti ya sani, bai san inji ba.

Shi inji, in yana da lafiya, ƙarfe ba ya gogar ƙarfe a cikinsa. Fistin na hawa yana sauka a cikin silinda, tsakaninsu da ɗan siririn baƙin mai. Famfo ne ke turo man sama, famfon kuma ba ya motsi sai inji na juyawa. In aka daɗe ba a tayar ba, sai man ya tsiyaye ya koma ƙasa, danshin damina ya samu hanya, tsatsa ta haɗe fistin da silinda su zama abu guda. Haka aka yi ta yi shiru a ƙarƙashin rigar, damina bayan damina, mai mota yana ta goge madubi.

Ana nan sai ciwo ya kwantar da tsohuwa, mahaifiyar tela. Wata safiya ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, ka kai ni gida in roƙi Yaya gafara, rabuwarmu ba ta yi daɗi ba. A motar babanka nake so." Ya ce, "An gama, Inna." Har wani daɗi ya ji a ransa, ga ranar da ya yi wa tanadi ta zo. Ya sayo sabon batir, ya zuba fetur, ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙas, ta yi shiru. Maƙwabta suka tura ta har bakin titi suka turo ta gida, inji ko gezau. Aka ce masa ya ɗauko shata, ya ce ya riga ya yi alkawari, gobe ma rana ce. Bakanike ya buɗe inji, ya duba, ya ce sai an jiƙa shi da mai an bi shi a hankali, in aka matsa masa karyewa zai yi. Tela ya zauna jira, kullum yana shiga ɗaki yana cewa, "Saura kaɗan, Inna." Ranar da ya haƙura ya kawo motar haya ƙofar gida, tsohuwa ba ta iya zama kuma. Ba ta ƙara tashi ba.

Yayan nata ya zo ta'aziyya yana dogara sanda. Da aka gaya masa saƙonta sai ya ce, "Wayyo, ai ni na yafe mata tun tuni." Gaskiya ya faɗa, amma wadda ke son jin maganar tana ƙarƙashin ƙasa. Bayan sadakar bakwai injin ya tashi, muryarsa garau. Tela ya kashe shi, ya kifa kai a kan sitiyari ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta.

Don haka je ka duba abin da ka ajiye tun yau. Hausawa sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.