Ƙarshen da Auta Ta Sauya

"Sai direban ya dawo gida lafiya, uwarsa ta rungume shi." Auta ta rufe littafin. "Ya kika ji labarin, Mama?"

Tun da idon Mama ya mutu, Auta ke karanta mata. Yau kam ta sauya ƙarshen, don likita ya ce zuciyar tsohuwar ba za ta ɗauki tashin hankali ba.

"Ya yi daɗi," in ji Mama. "Amma na karanta shi tun ina gani. A hatsari yaron ya mutu."

Auta ta ajiye littafin.

Mama ta lalubo hannunta ta riƙe. "Da wannan muryar kike ce min yayanki ya bugo waya yana gaishe ni. Gaya min gaskiya, yaushe aka binne shi?"