Baba Gwangwani

Sarƙar keken ta sake zamewa tun a hawan farko. Ya sauka, ya mayar da ita da yatsa, ya goge baƙin mai a wando, ya bi bayansu.

Su goma sha biyu ne masu fita tuƙin keke da safiyar Asabar, kowa da keken da za ka ɗaga da yatsa biyu. Nasa kuwa na hannu ne, ga nauyi kamar buhun siminti, ga ƙara. Shi ya sa suka laƙaba masa Baba Gwangwani.

"Baba, ka sayar wa masu tsohon ƙarfe mana, kowa ya huta!" in ji Lauya, ɗaya daga cikinsu.

Aka kwashe da dariya. Bai ji haushi ba. Shekara biyu ke nan ba ya jin komai. Abinci ba ɗanɗano, surutun jikokinsa kamar daga bayan bango. Sai a kan keken nan, in iska ta bugi fuskarsa, yake tuna yana numfashi. Ba don Asabar ba, bai san me zai tashe shi daga gado ba.

Kullum shi ne a baya, ta ɓangaren motoci. Kafin kowa ya ji ƙugin babbar mota, ya riga ya ɗaga hannu.

"Ku raɓe! Da lodi take, ba ta tsayuwa nan kusa."

A kwanar da ke ƙasan gangara suka tsaya, kamar kowane mako. Kowa ya tsiyaya ruwan gorarsa a gindin bishiyar da suka dasa, daidai inda tirela ta take ƙanin Likita, shugabansu, shekara biyu da suka wuce. Likita ko kotu bai iya takawa ba a lokacin, ya ce ba ya son ganin fuskar direban.

Yau sai ya miƙo wa dattijon rigar ƙungiya, sabuwa fil.

"Ka yi haƙuri da bakinmu, Baba. Tun da ka shigo cikinmu, ko madubin mota bai shafi ɗayanmu ba. Wallahi da kana nan ranar, da ƙanina yana raye."

Ya riƙe rigar, ya ƙura wa kwalta ido. Ya sani sarai, in ya buɗe baki, shi da Asabar har abada. Duk da haka ya buɗe.

"Ina nan, Likita," ya ce. "Tun daga saman gangarar can nake taka birki, ya ƙi kamawa."