Baba Ya Ƙi Sauka

Kekena na tsayawa a Jabi, cikin Abuja, jama'a suka ɗauki tafi. Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas ce. Kwana da kwanaki muna tafe a kan kekuna daga Jos don tara kuɗin yi wa asibitin ƙauyenmu rufi, kuma duk wanda ya shiga mota, ba a biyan gudummawar da aka yi alkawari a kansa. Gwiwata ta goce tun Akwanga.

"Baba, ku sauko ku sha ruwa mana," in ji wata nas.

Na kafa ƙafa ɗaya a ƙasa, ban motsa ba.

"Oga hoto yake jira," wani ya ce, aka yi dariya.

"'Yata, samo wuƙa," na ce wa nas ɗin.

Ta duƙa. Sai ta ga ɗaya ƙafar a kumbure, ɗaure tamau da feda, da robar ɗaurin doya.