Ranar da Zaure Ya Cika

Ku gafarce ni, ban saba rubutu ba.

Zamanin hana giya ne a New York. Kwana takwas 'yan wasan Baba suna yi wa kujeru waƙa da rawa a zauren wasa, ba 'yan kallo. Ranar rufewa sai ga zaure ya cika maƙil, tafi ba ƙaƙƙautawa.

"'Yar nan, kin ji?" in ji Baba, yana share hawaye. "Wa ya ce na tsufa?"

Mai gadi ya raɗa mini, "'Yan sanda ne suka dira a mashayar ɓoye da ke ƙarƙashin zauren nan. Mashayan suka gudo nan, suna tafi don kada a gane su."

Baba ya fita gaban labule, ya rusuna musu. Na sulale kafin mu haɗa ido.